Shekarar da Nomau Ya Rufe Katunansa

Akwai wata magana da ke yawo cikin gidan nan tun bayan rasuwar babanku, ina kuwa jin ta, ko da kuna zaton kunnena ya yi nauyi. Wasunku na cewa taurin kan tsoho da rashin sanin duniya ne suka ja wa wanku asara. Wasu kuma na cewa wan naku ne ya yi wauta, da ya ce to da baki ya koma ya yi abin da ya ga dama, wa zai bi shi Amirka ya laluba aljihunsa? Duka biyun ba haka aka yi ba. A gabana aka soma, a gabana aka gama. Tun da kuwa na ƙare ƙuruciyata ina koya wa manya rubutun Hausa a ajin yaƙi da jahilci, abin kunya ne in tafi in bar zancen a bakin waɗanda ba su nan.

Wanku ɗan farina ne, ba na kama sunansa na yanka ko a takarda. Nomau kakarsa ta sa masa, don an haife shi ana tsakar noma a ƙauyenmu na Kurfai, tun kafin mu dawo Filinge. A shekarar da nake ba ku labari ya riga ya daɗe a Amirka yana tuƙa babbar motar wani mutum, yana ratsa ƙasa da kaya daga wannan gefe zuwa wancan. Matarsa Zinatu tana nan wurinmu tare da ɗiyarsu, wadda suka sa wa sunana, nake ce mata takwara. Ya zo ganin gida bayan kaka da shirinsa a hannu: in ya koma zai karɓi motar kansa ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ya kama gida mai faɗi, ya ɗauke iyalinsa. Zinatu har ta soma rabar da kwanoninta ga ƙannenta.

Wata safiya muna ƙarƙashin iccen bedin tsakar gida, ya buɗe jakar aljihunsa yana neman wata ƴar takarda, sai katuna uku suka zubo bisa tabarma. Alhaji, babanku, ya ɗauki ɗaya yana juya shi. Kun san babanku bai taɓa fuskantar ɗan farinsa da magana ba. In yana son wani abu gare shi, ni yake faɗa wa ko da yaron na zaune a gabansa. Ni ma kunyar ta hau kaina, amma malanta ta riga ta ɓata ni, ina yi masa magana muddin ban kama suna ba. Sai Alhaji ya ce in tambayi yaron nan ko waɗannan na mene ne. Nomau ya bayyana cewa katunan banki ne, amma ba na ajiya ba. Banki ne ke ce maka ga iyakar abin da muka yarda ka ɗauka, ka sayi abin da kake so da katin, in wata ya ƙare ka mayar. In ka mayar duka cikin lokaci ba a ɗora maka ko sisi. Ɗaya yake aiki da shi, yana shan man mota yana cin abinci a hanya, yana biya duk wata. Sauran biyun kwance suke, ba a bin sa komai a kansu. Mafi tsufa a cikinsu, wanda ya samu tun farkon zuwansa, shi ne mai babbar iyaka.

Alhaji ya ajiye katin kamar ya taɓa garwashi. Ya ce in faɗa wa yaron abin da ba a aiki da shi a mayar wa masu shi.

Nomau ya sunkuyar da kai, ya ce a can abin ba haka yake ba. Kowane mutum yana da maki, wata lamba da ke hawa tana sauka, ita ake dubawa kafin a ba ka hayar gida ko a sayar maka da mota. In ya rufe katunan nan biyu makinsa zai faɗi, a daidai lokacin da yake bukatarsa a sama. Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce bai taɓa jin ƙasar da darajar mutum ke raguwa don ya ƙi bashi ba. Ya ɗauki hularsa ya fita rumfarsa ta kasuwa.

Shi ya fita, ni kuwa abin ya zauna mini a rai. Ba fushi na yi ba, ba kuma tsoro ba, so nake in gane. Kwanakin da suka biyo baya na dame yaron nan da tambaya, ina ɓarar wake yana taya ni. Na tambaye shi wa ke ba da makin, ya taɓa ganinsa? Ya ce ba mutum ba ne, wasu kamfanoni ne ke tara labarin kowa, na'ura ta lissafa. Na ce ta san kana salla, ta san kai ke ciyar da gida biyu? Ya ce ba ruwanta da wannan. Abin da ta sani kawai, kana biya cikin lokaci ko kana makara, tun yaushe aka san ka, kuma cikin abin da aka yarda ka ɗauka nawa ka taɓa. Wannan na ƙarshen ne ya ɗaure mini kai, don na ce ai kai kana mayarwa duk wata. Ya ce na'urar tana leƙowa ne a tsakiya, kafin ya biya. Ya yi mini misali da rumbu: mai rumbu uku in ya zari dami goma, kowa ya gani ya ce bai taɓa komai ba. In aka rushe manyan biyu aka bar masa ƙaramin, damin nan goma dai zai zara, amma mai leƙowa zai ce wannan ya kusa cinye rumbunsa, yunwa na bisa hanya. Mutumin bai canza ba, cinsa bai ƙaru ba, idon mai kallo ne ya ga wani abu daban.

Sai na tuna da ƙawar bikina ta Bonkuku. An yi shekaru ba aure ba suna, ba gidana ba gidanta, amma duk salla sai na aika mata da ɗan sabulu ko turmin atamfa, ita ma ta aiko, don kada bikin ya mutu. In na yanke shi yau, matan unguwa ba za su ce na huta ba, cewa za su yi hannuna ya gaza. Na faɗa wa Nomau haka ina jin daɗi na gano bakin zaren. Ya ce na kusa, amma ba daidai ba ne.

“Inna, ita ƙawarki ta san fuskarki. Ran da kika kasa za ta ce ko lafiya. Wannan ba ta tambayar lafiya.”

Na daɗe ina juya wannan. A kasuwar Lahadi na ga babanku yana auna wa mutum buhun gero ba takarda ba shaida, don ya san ubansa, ya san gonarsu a Damana. Ashe akwai ƙasar da mutane suka yi yawa har ba wanda ya san uban wani, sai aka ƙera abin da zai riƙe suna a madadin mutane. Ban ga laifinsu ba. Sai dai na yi mamakin yadda abin nan ya fi son wanda aka buɗe wa ƙofa ya tsaya a bakinta, bai shiga ba bai kuma rufe ba.

Ga abin da yawancinku ba ku sani ba. Babanku bai tsaya kan dariyarsa ba. Da kansa ya taka har wurin Mushe Idi, wanda ya yi aikin banki a Yamai har ya aje aiki, ya dawo gida yana zama bakin tasha. Ya zayyana masa komai. Mushe Idi ya ce a nan ƙasar ba mu da irin wannan makin yadda suke da shi, amma abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, banki ko'ina ba ya son kowa kamar mai iya ɗauka bai ɗauka ba. Ya ƙara da cewa faɗuwar ba ta har abada ba ce, makin kan farfaɗo, sai dai ba a son a taɓa shi dab da babbar sayayya. Alhaji ya dawo da azahar, ya zauna, ya sha ruwa, ya ce mini yaron bai yi ƙarya ba. Na yi hamdala a zuci, na ɗauka magana ta mutu. Sai ya ci gaba.

“Wato girma suke ba shi don ya bar ƙofar a buɗe. Haka aka yi wa Baba.”

Labarin na san shi, amma bai cika tayar da shi ba. A wata shekarar yunwa, yana yaro, wani mai hali a ƙauyensu ya ce wa mahaifinsa rumbuna naka ne, duk ran da ka so aiko a ɗiba. Bai matsa masa ba, bai ƙayyade masa rana ba, har a gaban jama'a yana yabonsa da cewa mutum ne mai amana. Tsohon ya yi shekara bai taɓa ba. Daga baya ciwo ya shigo, aka ɗibi dami. Suna ya zo, aka ɗibi dami. Ba ranar da za a nuna a ce ga ran da ya ci babban bashi, amma wata damina Alhaji ya tsaya a bakin gonarsu ta fadama yana kallon wasu na shuka ta. Shi ya sa duk tsawon fataucinsa na hatsi ya ba mutane bashi ba iyaka, shi kuwa ko tiya ɗaya bai taɓa karɓa ba. Ba bashin da aka ci ne ke ba shi tsoro ba, wannan an san girmansa. Wanda ke zaune yana jiranka shi ne ke hana shi sukuni.

A lokacin ƙafafunsa sun soma kumbura, likita kuma ya faɗa masa abin da ya faɗa game da zuciyarsa. Ni da shi kaɗai muka sani. Nomau ya gane da ido.

Zinatu ce ta fara zuwa wurina. Ta same ni a madafa, ta durƙusa, ta ce ita ba ta da bakin yi wa Baba magana, amma ƙuruciyarta ce ake ciniki a kai. Takwara ta yi wayo ba ta san ubanta ba sai a waya. Ta roƙe ni in sa baki a jinkirta, a karɓi motar tukuna, in ya so a rufe duk abin da za a rufe. Na ga gaskiyarta, na kuma kai maganar yadda ta ba ni ita, har na ƙara da tawa. Alhaji ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce da yana da tabbacin zai kai lokacin da ya jira. Ya ce kuma in an karɓi motar za a ce a bari sai an kama gida, in an kama gida a ce sai an sayi na kai, wanda ya tsara abin ya tsara shi ne yadda ba ranar da rufewa za ta zama da sauƙi. Na faɗa wa Nomau wannan, ya ce nan ma Baba bai yi kuskure ba. Amma ya ce in tuna masa cewa a baƙuwar ƙasa, ran da mota ta lalace a daji ko ciwo ya kama mutum, katin nan shi ne dangi. Alhaji ya ce wannan ranar ita yake gudu.

Haka na yi ta kai da kawowa tsakanin mutum biyu da ke kwana gida ɗaya, kowanne na cewa ɗayan ya yi gaskiya, ba wanda ya gusa. Ana saura kwanaki kaɗan Nomau ya koma, Alhaji ya yi abin da ban taɓa gani ba tun da aka haifi yaron. Ya kira shi, ya dube shi ido da ido, ya yi masa magana ba ta bakina ba. Ya ce katin da yake aiki da shi ya riƙe, wannan kamar lalita ce, ana zubawa ana cikawa. Motar ma bai hana ba, ciniki ne, mutum na ganin abin da ya saya. Biyun da ke kwance su ne maganarsa.

“Na san abin da za shi ci maka, an bayyana mini. Ba umarni ba ne, roƙo nike. In ka ƙi, ba ni yi maka baki, albarkata tana tare da kai ko ta wane hali. Ina dai son in kwanta ban bar ka da rumbun wani a buɗe ba.”

Nomau ya tashi. Ya shiga ɗaki wurin matarsa, suka daɗe. Abin da suka faɗa nasu ne, ban tambaya ba. Na dai ga ta fito ta ɗauki tulu alhali randa cike take. Washegari bayan la'asar, lokacin da gari ya waye a can, ya zauna a tabarmar babansa ya buga waya. Na farko bai ɗauki lokaci ba. Na biyun, tsohon katin, wata mata ce ta ɗauka, muna jin muryarta tana ta zuba da taushi kamar mai lallashin amarya. Alhaji ya kasa haƙuri ya ce, “Mi take cewa?” Nomau ya rufe bakin wayar da hannu ya ce roƙonsa take kada ya rufe, ta ce shi tsohon abokin hulɗarsu ne, za su ƙara masa iyaka, har da wata kyauta. Ni abin dariya ya ba ni, don ban taɓa jin mai kuɗi na bin mutum da magiya a ci bashinsa ba. Alhaji bai yi dariya ba, ya gyaɗa kai kawai. Nomau ya gode wa matar, ya ce ta rufe.

Makin ya faɗi, kamar yadda ya ce. Da ya koma Amirka ya je wurin masu motar suka duba, suka ɗora masa sharaɗin da in ya karɓa zai yi ta yi musu bauta ne. Ya bari, wani ya ɗauki motar. Mai gidan da ya so kamawa ya nemi ajiya mai nauyi. Ya koma tuƙin motar mutane. Zinatu ta aika aka karɓo mata wasu daga cikin kwanoninta, wasu ta ji nauyin tambaya ta sayi sababbi. Aka sa takwara lakwal, wato makarantar boko, a nan Filinge. Zinatu ba ta taɓa ɗaga wa surukinta murya ba, tana kai masa tuwo tana durƙusawa, amma gaisuwa ta ragu zuwa abin da ya wajaba, shi kuma ya ji.

Abin da ya ba ni mamaki, Alhaji ne ya koma mai bibiyar makin. Duk ran da Nomau ya kira, bayan an gaisa sai ya ce in tambayi yaron ya jikin lambar, kamar mai gaida majinyaci. In an ce ta ɗan ɗaga sai ya so ya ji dalili. Nomau ya gano cewa in ya riƙa biyan katinsa tun kafin wata ya ƙare, na'urar na leƙowa ta tarar da rumbun bai yi ƙasa ba. Alhaji ya ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har ya kai wa Mushe Idi labari. Kafin shekara ta zagayo makin ya koma kusa da inda yake. Ku riƙe wannan, don a nan ne kuke kuskure: katunan sun ci wa wanku mota ɗaya da wasu watanni. Sauran jinkirin ciwon babanku ne, da muka yi ta zarya asibitin Yamai, kuma abin da Nomau ya tara don motar shi ya tafi can, ba wanda ya roƙe shi.

A watannin ƙarshe, da ƙarfina ya gaza, Zinatu ce ke dama masa kunu tana gyara masa shimfiɗa. Wata rana da hantsi tana ba shi magani, ina bakin ƙofa, na ji ya ce mata, “Ɗiyata, na ci miki lokaci, ina sane.” Ta ce Baba sha maganinka. Ya ce ba zai ce ya yi nadama ba, don ƙarya ce, amma yana neman ta yafe. Ta ajiye kofin. Sannan ta ce ta yafe, amma ita ma ba za ta ce an yi mata daidai ba. Ya ce ya yarda da wannan ciniki. Daga ranar gaisuwarsu ta dawo. Ya rasu da farkon damina. Motar ta samu bayan shekara, Zinatu da takwara suka tafi a bayanta.

Bara takwara ta shiga jami'a a can. Nomau ya kira ni wata Juma'a, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi ruwa, ya tambayi awaki, na san akwai magana. Daga ƙarshe ya ce ya raka yarinyar banki an buɗe mata katinta na farko, ƙarami, don sunanta ya soma tsufa a wurinsu tun yanzu. Ya ce ya ji bakinsa na faɗa mata ta biya duk wata, kuma kada ta kuskura ta rufe shi ko ba ta aiki da shi. Tun da ya faɗi haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya tambaye ni ko ya ci amanar Baba.

Na ce masa babansa bai kafa wa zuriya doka ba. Mutum ne da ya ga an shuka gonarsu yana tsaye, ya roƙi ɗansa abu ɗaya don ya samu kwanciya, ɗan kuma ya ba shi da idonsa a buɗe. Yarinya kuwa ƙasar da take ciki ita za ta zauna, ya koya mata hanyoyinta, ya kuma ba ta labarin kakanta duka, har da gonar. Ya ce to, Inna. Na ji yana jan hanci, sai na tambaye shi ko can ma an yi ruwa.